Waƙar Hausa a Taron Marubutan Yahudawa

Cikin duk abin da na gani a shekarun da na yi ina aikin jinya a Makka, akwai wani yammacin Lahadi da na san ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah. Ba wani tashin hankali aka yi ba, ba kuma wani ne ya cika a hannuna ba. Waya ce kawai aka jingina da gorar ruwa, ga tsohuwa a kan katifa, ga wata mata a can Ingila tana magana a kan littafin da ta rubuta.

Daga Kano na zo da takardar aiki, wani asibitin kuɗi a unguwar Zahir ya ɗauke ni. A garin nan, da zarar Hausawa sun ji ke ma'aikaciyar jinya ce, kin zama likitar kowa. Da yawansu ba su da iƙama, wato takardar zama, saboda haka ba sa son kusantar duk inda za a ce su nuna shaida. Ta haka na san wata tsohuwa a unguwar Ka'akiyya, wadda kowa yake kira Hajja. Tana fama da suga da hawan jini, ƙafafunta kuma sun fara kasa ɗaukar ta. Duk ranar hutuna nakan hau mota in je in auna ta, in duba mata ƙafa, mu ci abinci tare, in dawo.

Bagobira ce, da tsagenta a fuska, kuma duk daɗewarta a Makka harshenta bai bar na gida ba. Abin da na sani game da ita kaɗan ne. Ta ce min tana yarinya suka taso da iyayenta a ƙafa, suka bi ta Chadi da Sudan, suka tsallako teku. Nan ta yi aure, nan mijin ya rasu. Tana zaune da ɗanta guda, wanda a Makka aka haife shi, yana tuƙa motar ɗaukar kaya. Yana jin Hausa, amma in magana ta yi zafi Larabci ne yake zuwar masa.

Ina da ƙanwa da take karatu a Ingila. A unguwar da take haya akwai wata cibiyar al'adu ta Yahudawa, inda a lokacin sanyi suke shirya jerin tarurruka, kowane mako a gayyato marubuci ya yi magana a kan littafinsa, jama'a su yi tambayoyi, a sha shayi, a sayi littafi. Kowa yana iya shiga, kuma wanda yake nesa yana iya bi ta intanet. Wata malamarta ce ta fara jan ta zuwa wurin. Sai ga shi wata rana ta turo min sanarwa, ta ce, "Yaya, ki kalli na wannan Lahadin. Matar a Sudan aka haife ta, kuma an ce a littafin ta yi maganar mutanenmu masu tafiya Makka a ƙafa."

Ni dai a lokacin ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. Abin da na sani game da su a wa'azi na ji shi, sai kuma labaran da ake nunawa a talabijin, waɗanda ba sa barin mutum da sanyin zuciya. Kuma ba irin abin da za ki zauna a ɗakin ma'aikata ki ce wa abokan aiki ga abin da za ki kalla ba ne. Amma maganar masu tafiya a ƙafa ta tsaya min, musamman da hutuna ya faɗo a ranar, kuma na san a gidan Hajja zan kasance.

Bayan la'asar, na gama auna ta, muka zauna muna jiran shayi ya huce. Na ce, "Hajja, akwai wani taro da zan kalla a waya. Wata mata ce za ta yi maganar Sudan ta zamanin da kuka wuce. Amma fa in gaya miki, taron Yahudawa ne, ita ma Bayahudiya ce."

Na zaci za ta yi salati. Sai ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Yahudawa? Ai na san su. Can Sudan su ke da shagunan yadi. Kunna mu ji."

Na kunna, na kashe kyamarata, na jingina wayar. Zaure ne madaidaici, kujeru a jere, yawancin mutanen ciki tsofaffi ne da rigunan sanyi. A gefe akwai tebur an jera littattafai. Mai gabatarwa wani dattijo ne da 'yar ƙaramar hula a tsakiyar ka. Marubuciyar ma ta manyanta, farin gashi gajere, tabarau a rataye a wuya. Da Turanci suke magana, ni kuma ina juya wa Hajja abin da na ga zai shige ta.

Farkon taron bai da wani abin da zai kama mutum irinmu. Ta yi maganar shagon mahaifinta a wani gari na bakin kogi mai tashar jirgin ƙasa da gonakin auduga. Ta yi maganar girkin mahaifiyarta, da ɗan ƙaramin wurin ibadarsu, da yadda zamani ya juya suka tattara akwatuna suka bar ƙasar tana yarinya. Ta karanta wani shafi a kan ƙamshin gyaɗa da ake soyawa a bakin tasha, mutanen zauren suka yi dariya a wani wuri da ban gane abin dariyar ba. Hajja ta fara gyangyaɗi. Ni ma na fara tunanin motar komawa.

Sai mai gabatarwa ya ce yana so ta yi magana a kan babin mai reno.

Matar ta cire tabarau daga wuya ta riƙe a hannu. Ta ce tana jaririya aka kawo wata yarinya gidansu. Mahaifin yarinyar ne ya kawo ta, yana cikin mutanen yamma masu tafiya aikin hajji, waɗanda guzuri yakan ƙare musu a hanya. Ya ce ta zauna ta yi aiki, in sun isa za su aiko a ɗauke ta. Ba wanda ya zo. Yarinyar ce ta goya ta, ta yi mata wanka, ta koya mata tafiya, har ita mai renon ta girma ta zama budurwa a gidan. "Ban san sunanta na gaskiya ba," in ji marubuciyar. "Mahaifiyata ta sa mata wani suna da ya fi mana sauƙin faɗa, da shi muka kira ta har muka rabu. Na rubuta haka a littafin, don haka abin yake."

Ta ce akwai wata waƙa da mai renon take yi mata in za ta yi barci. Ta riƙe waƙar, ta yi wa 'ya'yanta, yanzu tana yi wa jikokinta, amma ba ta san ma'anarta ba. Ta sha tambayar mutane, ba wanda ya gane, ƙila don bakinta ya lalata kalmomin. Ita dai ta ɗauka cewa take yi, yi barci, yi barci, kamar kowace waƙar reno. Mai gabatarwa ya ce ko za ta rera musu. Ta yi 'yar dariya ta ce muryarta ta tsufa, sannan ta rera.

Karon farko ban kama komai ba. Kalmomin sun manne da juna, an ja wasu, an haɗiye wasu. Amma karin ya yi min kama da wani abu na gida. Kafin in yi magana, sai na ga Hajja ta miƙe zaune, ba tare da ta dafa bango ba kamar yadda ta saba.

"Ƙara muryar abin nan," ta ce.

Matar ta sake rerawa, domin mutanen zauren sun tafa mata. A wannan karon na ji. Hausa ce, Hausar yamma irin ta Hajja, an tauna ta a bakin da bai san ta ba. Cewa take yi, Inna ta tai bakin ruwa, ta ce in jira ta. Rana ta faɗi, Inna ba ta zo ba. Gobe ma ina jira.

Na juya na dubi Hajja. Fuskarta ba ta canza ba. Na ce, "Hajja, kin san waƙar?"

"Ban san waƙar ba," ta ce. "Maganar na sani. Mi matar nan ta ce kafin ta fara? Ina barci."

Na maimaita mata labarin yarinyar da aka kawo gidan. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, da murya irin ta mai ba da labarin farashin tumatir, "Mu biyu ne mata wurin innarmu. Yayata aka bari. Gidan masu yadi aka kai ta. Ina tsaye innarmu ta ce mata, ki jira, mu je bakin ruwa mu ƙetare, za a aiko. Muna isa Jidda babanmu ya kwanta, bai tashi ba. Innarmu ta yi ta ba alhazai masu komawa sallahu, ba wanda ya dawo da labari."

Na daɗe ina zuwa gidan nan, ban taɓa jin tana da 'yar'uwa ba. A cikin wayar kuma an buɗe lokacin tambayoyi, mai gabatarwa yana cewa waɗanda suke bi daga nesa su ma suna iya ɗaga hannu.

"Ana iya yi mata magana?" Hajja ta tambaya.

Na ce ana iyawa, amma duk mutanen zauren za su ji, da waɗanda suke bi daga wasu ƙasashe, kuma ƙila ana naɗar taron. Na faɗa mata haka ne don ta san inda za ta sa ƙafa. Mace ce da ta yi rayuwarta kaf tana kauce wa duk abin da zai sa a tambayi sunanta. Ni ma ina da takardar aiki da nake tsoron abin da zai taɓa ta, ko da yake ban san wata doka da muka karya ba. A garin baƙi, tsoro ba ya jiran doka.

"Kar ki nuna fuskata," ta ce. "Amma ki yi magana."

Na danna alamar ɗaga hannu. Aka amsa tambayar wani mutum a kan makarantar da ta yi, aka amsa ta wata mata a kan yadda ta samo mai buga littafin. Sannan mai gabatarwa ya ce akwai wata daga nesa, ya buɗe min murya, ya ce in faɗi daga ina nake magana.

Na ce, "Daga Makka."

Na ga wasu sun juyo da kai suna duban allon da yake bango, inda babu komai sai baƙin fili. Mai gabatarwa ya gyara hularsa ya ce, "To, wannan shi ne karo na farko. Barka da zuwa."

Na ce ba tambaya gare ni ba. Waƙar da ta rera da harshena ce, sunansa Hausa, kuma na ji abin da take cewa. Marubuciyar ta matso bakin kujerarta, ta sa hannu a ƙirji. Ta ce, "Don Allah faɗa min."

A nan na tsaya. Na dubi wannan mata da ta yi rayuwarta tana rera wa jarirai abin da ta ɗauka lallashi ne, ga jama'arta sun zuba mata ido. Aikina ya koya min yadda ake rage wa magana kaifi kafin a miƙa wa majiyyaci. Zan iya cewa waƙa ce a kan uwa da 'yarta, in tsaya nan, ban yi ƙarya ba. Hajja ba ta jin Turanci, amma ta ji shirun da na yi.

"Faɗa mata yadda yake," ta ce. "Kar ki gyara."

Na fassara, layi bayan layi. Da na kai ƙarshe, matar ba ta yi kuka ba. Ta dubi littafin da yake kan cinyarta. Can ta ce, a hankali, "Ashe ba ni take yi wa ba." Sai kuma ta ce, "Kuma kullum tana murmushi in tana yi."

A daidai lokacin ne ɗan Hajja ya turo ƙofa, da ledar burodi a hannu. Ya ji Turanci, ya leƙa wayar, ya ga dattijon da hularsa, ya ga tauraro mai kusurwa shida, alamar Yahudawa, a jikin allon da yake bayansu. Ledar ta kusa faɗuwa.

"Esh hada?" ya ce da Larabci, wato mene ne wannan. Ya juyo gare ni. "Sista, kin san da wa kuke magana? A gidan nan? Ummi ba ta da waraƙa, ba iƙama, ni kaina da ƙyar nake shugul, tuƙin nan nawa, kina so a kawo mana mushkila? Kashe. Halas, kashe."

Na yi sauri na rufe muryarmu. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Shi ne yake fita kullum yana haɗuwa da masu duba takardu, shi ya san abin da ƙaramar magana take iya zama. Ya miƙa hannu zai ɗauki wayar.

"Zauna," in ji Hajja.

"Ya ummi, wallahi ba ki gane ba, waɗannan..."

"Na ce zauna. Maganar yayata ake yi."

Ya tsaya da hannu a miƙe. "Wace yaya?"

"Wadda ban gaya maka ba."

Ya dube ta, ya dube ni, kamar ni ce zan ƙaryata. Sannan ya zauna a bakin ƙofa, da takalmansa a ƙafa.

A wayar ana ta tambayar ko ina nan. Na buɗe murya na ce ina tare da wata tsohuwa da ta bi ta Sudan tana yarinya, kuma an bar yayarta a wani gidan masu sayar da yadi. Na ce ba mu san ko ita ce ba. Na fara shirin zama tafinta a tsakaninsu, sai marubuciyar ta yi abin da ban zata ba. Ta ajiye Turanci gefe, ta yi sallama da Larabci. Larabcin Sudan ne, irin na yara, yana tuntuɓe, amma Larabci ne. Ta ce, "Ya hajja, kina ji na?"

Hajja ta jawo wayar kusa da bakinta ta amsa.

Daga nan ba a buƙace ni ba. Mai gabatarwa, Allah ya sani mutum ne mai hankali, ya bar su suka ɗan yi magana, sannan ya ce wa jama'a za a rufe taro a je shan shayi, amma za a bar layin a buɗe saboda baƙin Makka. Na ga mutane suna tashi a hankali, wasu suna waiwaye. Wata tsohuwa ta zo gaban kyamara ta ɗaga mana hannu, ko da yake ba ta ganin kowa. Na hango ƙanwata a can baya ta rufe baki da gyalenta.

Suka yi ta tambayar juna. Wane gari ne? Hajja ba ta riƙe sunan ba, ta dai tuna jirgin ƙasa da auduga da kogi. Garuruwa da yawa a can haka suke. Tana da tsage a fuska? Tana da shi, in ji marubuciyar, ta kwatanta da yatsa a kumatunta. Irin na Hajja ne sak. Amma Hajja da kanta ta ce duk mutanen ƙasarsu haka suke da shi. Hajja ta faɗi sunan yayarta, matar ta maimaita shi sau da yawa, ta girgiza kai ta ce ba za ta yi ƙarya ba, ba ta taɓa ji ba. Hoto kuwa babu. A hotunan gidansu duka ba a taɓa sa mai reno ba.

Na lura kowace cikinsu tana ƙin ta ja labarin ya zo inda take so. Da ɗaya ta ce eh, da ɗayar ta karɓa, kuma ba mai iya ƙaryata su. Ba su yi ba.

"To, mi ya same ta?" Hajja ta tambaya.

Matar ta ce kafin su bar Sudan mai renon ta auri wani ɗan ƙasarsu mai aiki a gonar auduga, ta haifi ɗiya. Ita ce ta raka su tasha ranar da za su tafi, da jaririyar a baya. Da ta tashi rubuta littafin ta koma garin ta yi cigiya. Ta samu wasu tsofaffi a unguwar mutanen yamma da suka tuna ta. Sun ce ta daɗe da rasuwa, 'ya'yan sun watse, ba wanda ya san inda suke. Abu ɗaya da suka riƙe game da ita shi ne, har ta tsufa in aka tambaye ta ita 'yar ina ce, sai ta ce ita ba 'yar nan ba ce, kan hanya take, Makka za ta.

Hajja ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan ta ce da Hausa, ba da kowa ba, "Ta yi aure. Ta haihu."

Kafin su rabu marubuciyar ta yi wata tambaya. Ta ce yanzu da ta san abin da waƙar take cewa, ba ta san ko ya dace ta ci gaba da yi wa jikokinta ba. Ta ji kamar ta ɗauki kukan wata ta mayar da shi abin wasa. Hajja ta ce, "Ki ci gaba. Mu da muke danginta ba mu san ta yi waƙa ba. Ke kika riƙe. In kin bari, wa zai yi?"

Aka kira magariba, muka yi sallama, na kashe wayar. Ɗan Hajja ya tashi ya fita masallaci bai dubi kowa ba. Na ɗauka zuwana gidan ya ƙare ke nan.

Kwana kaɗan bayan haka sai ga wayarsa. Ya ce, "Sista, ummi ta ce umra za ta yi. Na ce mata ƙafa, na ce mata masu duba waraƙa, ba ta ji. Za ki iya zuwa, ko sugar ya faɗi a hanya?"

Ta daɗe rabonta da Harami, duk da tana zaune a garin. Shi ya aro keken guragu, shi ya kai mu Tan'im inda mutanen Makka suke ɗaukar harama, yana tuƙi yana duban madubi. Da ta zo yin niyya, ta ce ba wa kanta za ta yi ba. Ta ce duk shekarun nan ba ta taɓa yi wa yayarta ba, don ba ta san ko tana da rai ko ta mutu ba, kuma zuciyarta ta ƙi yarda ta sa ta cikin matattu.

Ɗan ya durƙusa a gaban keken ya ce, da Hausarsa mai karyewa, "Ummi, in ba ita ba ce fa? In wata ce daban?"

"In wata ce, ɗiyar wasu ce," ta ce. "Ita ma nan ta nufo. Na yi wa wadda ta mutu tana jira. Allah ya san ko wace ce."

Shi ya tura ta a ɗawafi, shi ya tura ta a Safa da Marwa, ni ina biye da ruwa da dabino a jaka. Ba wanda ya tare mu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi wata doguwar addu'a da ƙarfi ba. Da aka gama na yanke mata ɗan gashi, ta ce ƙafarta tana ciwo, a kai ta gida.

Hajja ta rasu bayan wasu shekaru, a kan katifar nan tata. Kafin nan sun yi magana da marubuciyar wasu lokuta, yawanci a kan ciwon gwiwa da jikoki. Ba a taɓa gano ko mai renon ita ce yayarta ba, kuma na daina tsammanin za a gano. Littafin ma ban karanta shi duka ba, babi ɗaya ƙanwata ta turo min. Ra'ayina a kan abin da ake nunawa a labarai bai canza ba saboda wannan yammacin, ban kuma zama mai bin tarurrukan marubuta ba.

Abin da na koya bai kai haka girma ba, amma ya zauna min. Labarin mutum ba ya zama a inda ya dace ya zauna. Wani lokaci danginsa sun rasa shi, yana can a ajiye a bakin wanda ba ki taɓa tunanin za ki zauna ki saurara ba, shi ma bai san abin da yake riƙe da shi ba. In an ƙi zama wuri ɗaya, ko na awa guda ne, kowa zai mutu da rabin da yake hannunsa. Tun daga lokacin ban ƙara yanke wa wani taro hukunci daga bakin ƙofa ba. Nakan shiga in ji abin da ake faɗa tukuna.